Shekarata 36, 'ya'yana huɗu, ina son shiga makarantar jinya. Na makara?

Maman Khalifa, Tudun Wada, Gusau:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci ni ya cinye. Shekarata 36, 'ya'yana huɗu. Babbar, Ummi, tana aji ɗaya na babbar sakandare, autan bai cika shekara uku ba. Na gama sakandare a 2007, bayan wata biyu aka ɗaura min aure, takardar tana ƙasan akwati har yau. Ina da kiredit a Turanci da lissafi da bayoloji, amma kemistiri da fiziks na faɗi. Ɗinki nake yi a gida.

Daminar bara ƙanwata ta fara naƙuda da dare a ƙauyensu, can bayan Bunguɗu. Kun san halin da muke ciki, ba mai fito da mota a wannan lokacin. Sai da gari ya waye aka kawo ta, tana jijjiga, ta tauna harshenta, bakinta duk jini. Nas ɗin da muka tarar dattijuwa ce, ita kaɗai a ɗakin. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta kwantar da ita a gefen hagu, ta ce in riƙe mata kai, ta haɗa allura ta yi mata, ta zauna tana ƙirga numfashinta tana duban agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Jaririn bai zo da rai ba, amma ƙanwata tana nan. Tun ranar hannun matar nan bai bar idona ba. Ina son in iya abin da ta iya.

Maigida ya ce in bari ya yi shawara, yau wata uku ke nan. Hajiyarsa ta ce mace mai shirin aurar da ɗiya ba ta komawa aji. Don Allah waɗanda suka san harkar, ku gaya min gaskiya ko da ɗaci.

Hajiya Sista, mai ritaya:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi ba ƙanwarki lafiya, shi sa mai ceto ne. Allurar da kika ga an yi mata magnesium sulphate ce, kuma ƙirgar numfashin nan ba ado ba ne, in ta yi yawa ga jiki tana iya taɓa numfashi. Kin ga tun ba ki shiga ba idonki ya kama abin da ya kamata shi kama.

Shekara 35 na yi cikin farin kaya. Ba ki makara ba, amma kin fara tambaya daga wutsiya. Bar zancen Hajiya tukun, bar zancen shekaru. Wagga takarda taki ba ta kai ki ko bakin ƙofa. Hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa kiredit biyar take so: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri, fiziks, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Zama guda kin riga kin ci shi. Saura guda, kuma dole biyun nan su fito tare cikinsa. Nan aikinki yake bana.

Ɗalibar jinya, shekara ta biyu:
Anti, ƙari a kan maganar Mama. Tsarin ya canza daga yadda aka sani da. Makarantu da yawa sun zama kwaleji, sun koma ND da HND, wato ƙaramar difloma da babbar difloma, shekara biyu da biyu, huɗu ke nan, kuma ta JAMB ake shiga. Tsohon tsarin shekara uku ne. Digiri a jami'a shekara biyar ne, kamar na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ki je kwalejin jinya ta nan Gusau da ƙafarki ki tambayi wane tsari za su ɗauka da sharuɗɗansa, kada ki dogara da abin da ake turawa a WhatsApp. Akwai WAEC da NECO na masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara, kuma ba a shiga ɗakin gwaji, a takarda ake amsa ɓangaren aikin hannu. A ajinmu akwai matan aure da dama, ɗaya ta kusa haifata, kuma duk ta fi mu zama da littafi.

Oga Sani:
Hajiya shawara ɗaya. Ki je kotu ki yi takardar rantsuwa ki zabge shekara takwas. Kowa haka yake yi. In ba haka ba ko kin gama wa zai ɗauke ki aiki?

Ɗalibar jinya:
Yaya Sani, JAMB ba ta rajista sai da NIN tun 2021, ranar haihuwarta tana ciki, tana kuma jikin takardar 2007. In ta ce shekararta 28, tana 'yar shekara goma ta gama sakandare ke nan? Ranar da za a tura sunayen ɗalibai hukuma a yi musu rajista, nan takardu ke cin karo da juna.

Hajiya Sista:
Ko da ba a kama ta ba, ban yarda ba. Aikin ga duk amana ne. Za ki rubuta ga fayil kin ba da magani ƙarfe biyu na dare, ba wanda ya gan ki sai Allah. Wadda ta shigo da rantsuwar ƙarya, wace ƙarya ce za ta yi mata nauyi? Wasu makarantu na sa iyakar shekaru ga tallarsu, wasu ba su sawa. Ta nemi wadda za ta karɓe ta da shekarunta na gaskiya.

Baban Amira, Kauran Namoda:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ta ɓangaren maigidan zan yi magana. Ana ta lissafin kiredit ba wanda ya ce komai a kan aikin dare. Mace da miji da yara huɗu ta fita bayan isha'i sai safe, kwana da kwanaki a jere. Yaro ya tashi da zazzaɓi ƙarfe uku, uwarsa na can tana jinyar ɗan wani. Mutumin da ya ce zai yi shawara bai yi laifi ba.

Maman Zahra:
Malam, in matarka ta tashi haihuwa ƙarfe uku na dare, wa kake so ka tarar a ɗakin? Ku ne na farko da za ku ce ba ku yarda namiji ya duba ta ba. To macen da kake son ka tarar, ita ma matar wani ce, uwar wasu ce. Daga sama za ta faɗo? Rufaida al-Aslamiyya tantinta a masallacin Manzon Allah (SAW) yake, can aka kai Sa'adu bin Mu'azu da aka harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu.

Baban Amira:
Hajiya ban ce haram ba ne, kada a ɗora min abin da ban faɗa ba. Ƙanwata ungozoma ce, ni na biya mata kuɗin fom. Shi ya sa na san abin da nake faɗa. An tura ta wani ƙaramin asibiti a karkara, duk ranar da za ta hau hanya ba wanda ke iya cin abinci a gidanmu sai ta kira ta ce ta sauka. Lokacin da aka katse layukan waya a 2021, makonni muka yi ba mu san halin da take ciki ba sai in wani ya shigo gari. Wannan ita ce Zamfarar da muke ciki. Abin da nake cewa, a zauna da mijin a gaya masa duka, har da wannan. Kada a lallashe shi da cewa karatu ne kawai, ya amince, daga baya ya ga abin da bai shirya masa ba ya ce a bari. Na ga an yi haka, kuɗi sun tafi, aure ya yi tsami.

Maman Zahra:
In haka kake nufi, na karɓa.

Ungozomar karkara:
Yaya Maman Khalifa, ni ga ni, da goyo na shiga. Shekarata 29 lokacin, yara uku. Ta shirin Women for Health na samu, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012, Zamfara na cikin jihohi biyar da aka fara da su, da Katsina, Kano, Jigawa da Yobe. Ana ɗauko mata daga ƙauyuka a yi musu shekarar share fage, a gyara musu kimiyya da Turanci su sake jarrabawa, da sharaɗin in sun gama su koma garinsu su yi aiki. Mai garinmu da kansa ya je wurin maigidana. Har ɗakin renon yara aka yi mana, da mai kula da su. Wallahi ba don ɗakin nan ba da ban gama ba. Ana fita hutun rabin awa in ruga in ba shi nono in dawo, rigata da tabon nono, littafina a hammata. Shirin ya ƙare a 2020, don haka in kin je ki tambaya ko akwai wurin ajiye yaro yanzu, kada ki ɗauka akwai.

Karatun kuwa, wata shidan farko ne wuta, wanda ake kira PTS. Sunayen ƙasusuwa 206, jijiyoyin kai 12, duk da wani Turancin da ba na kasuwa ba. Ina rubuta su a kwali in manna a bangon kicin, ina tuƙa tuwo ina haddacewa. Ƙarfe uku na dare nake tashi, kafin asuba na ci awa biyu ba mai kiran Mama. Abin da ya fi ba ni wuya lissafin ƙarin ruwa. A ce leda mai mil 500 za ta shiga cikin awa huɗu, layin yana ba da ɗigo 20 a kowane mil, ɗigo nawa a minti? Wajen 42. Yau ko daga barci aka tashe ni zan faɗa, amma ranar farko sai da na yi hawaye a kansa.

Inda muka fi 'yan matan kuwa shi ne in an shiga ɗakin marasa lafiya. Yarinya 'yar 18 ta ga jinin haihuwa sai jiri ya ɗebe ta. Ke kin haihu huɗu, kin yi jinyar ƙyanda, kin wanke tsohuwa. Mai naƙuda tana ganin fuskarki hankalinta ke kwanciya.

Wata 'yar uwa (ta turo ta hannun admin):
A ɓoye sunana don Allah. Ana ta jin waɗanda suka gama, bari a ji wadda ba ta gama ba. Na shiga ina da 33. Na sayar da 'yan kunnena na zinare da awaki biyu na yi rajista da yunifom da littattafai. Ban gaya wa kowa ina da ƙaramin ciki ba, don tsoron kada a ce in jira wata shekara. Ga laulayi, ga aji tun takwas na safe. Saura mako biyu jarrabawar PTS ɗana ya kwanta, zazzaɓin cizon sauro ya ci jininsa sai da aka yi masa ƙari. Kwana tara ina kan tabarma a gefen gadonsa. Na shiga jarrabawa kaina fanko. Da aka kafe sunaye ba nawa. Ranar da 'yan ajinmu suka yi bikin sa hula ina jin su a waya, na shige ɗaki na rufe.

Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza min ba. Ba ni da kowa a bayana. Mijina ya ce ya amince, amma amincewar baki ce, ko kofi bai taɓa kawarwa ba, in na dawo biyar na yamma tukunya na jirana. Ki tambayi kanki tun yau: ranar da yaro zai kwanta asibiti kina da jarrabawa, wa zai kwana da shi? In ba ki da sunan mutum a bakinki, ki dakata sai kin samu.

Maman Khalifa:
Allah sarki 'yar uwa, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Ta wannan ɓangaren da sauƙi, Ummi ta girma, ta iya girki da komai, ƙannenta ma sun fi jin maganarta. Ita za ta riƙe min gida.

Malama, makarantar 'yan mata:
Anti, tun ɗazu nake karantawa ban yi niyyar magana ba, amma wannan ba zan iya wucewa ba. Ni ce Ummin gidanmu. Ina aji huɗu na sakandare mahaifiyarmu ta koma karatu, kowa na sa mata albarka, ni ma ina alfahari da ita har gobe. Amma ni ke tashi in dama koko, in yi wa uku wanka, in kai su makaranta, in isa tawa an gama darasin farko. Darasin farko kuwa lissafi ne, kusan kullum. In na dawo ga wanke-wanke, ga tuwon dare. In na buɗe littafi barci ya kwashe ni a kansa. Ta fito da sakamako mai kyau, ni na faɗi WAEC. Aka ce ai dama ba ni da ƙoƙari, aka yi min aure. Sai da na haihu biyu na sake zama, na yi NCE da kyar.

Ummi shekara biyu da 'yan watanni suka rage mata ta zauna tata jarrabawar. Daidai lokacin da za ki shiga wutar da ake faɗa. Yau ina ganin irinta a ajina, yarinya na gyangyaɗi hannunta na warin albasa, ba sai an gaya min ba. Ina roƙonki da girman Allah, kada takardarki ta fito daga ƙasan akwati tata ta shiga.

Maman Zahra:
Malama, ai taimakon uwa ba zalunci ba ne. Duk da aikin gida muka tashi.

Malama:
Taimako daban, riƙon gida daban, Hajiya. Ta yi shara, ta yi wanke-wanken dare, ba wanda zai ce komai. Amma yarinya 'yar 16 ta zama ita ce uwar gida shekara huɗu, wannan ba taimako ba ne.

Maman Khalifa:
Malama, na ajiye wayar na yi kuka kafin in iya amsa miki. Wallahi duk lissafina a kan yarinyar nan na gina shi, ban taɓa tsayawa na dube shi ta nan ba. Kuma likita take cewa tana son zama. Na gode. Na gode ƙwarai.

Hajiya Sista:
Malama ta gama magana. Ni abokiyar zamana ta riƙe min yara lokacin da na tafi ƙarin karatun ungozoma, wata 18. Mutane na mamaki. Da albashina ya fara shiga ban taɓa sayen atamfa guda ba, biyu nake saye, kuma duk haihuwarta ni na karɓa. Ba kowa ke dacewa da irin wannan ba, na sani. Amma babba ake nema, ɗiyata, wadda za a yi magana da ita a fili, a yanka mata wani abu duk wata ko da kaɗan ne. Abin da aka biya shi ke ɗorewa, na kunya wata biyu ne.

Kuma Hajiyar da kike gani ita ce matsala, ki sake dubawa. Tsohuwa ba ta son a yanke magana a kawo mata labari. Ki tai da kanki, ki durƙusa, ki ba ta labarin ƙanwarki kamar yadda kika ba mu, ki ce shawararta kika zo nema. Ki riƙa kai ta awon hawan jini da kanki. Na ga surukai da suka fi ta zafi sun koma suna cewa a kira min sistarmu.

Jami'in lafiya, Tsafe:
Me zai hana ta duba kwalejin kimiyyar lafiya da ke nan Tsafe? CHEW, wato karatun ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara uku, JCHEW, ƙaramin matakinsa, biyu. Mu ne a asibitocin matakin farko, rigakafi, awo, tamowa, duk mu ne. Akwai kuma ungozomar karkara, shekara biyu.

Ɗalibar jinya:
Gaskiya ne Yaya, aikinku ba wanda zai raina. Amma ta sani hukumar da ke ba CHEW lasisi daban ce da ta jinya, ba a tsallakawa daga wannan zuwa wancan sai an koma an faro. Kuma gidanta na Gusau, Tsafe kwana zai kama ta ko bin hanya kullum. Abin da ta gani a hannun dattijuwar nan aikin nas da ungozoma ne.

Oga Sani:
To na ji, ba a rage shekaru. Amma ku yi lissafi. Shekara ɗaya gyaran takarda, huɗu karatu, ta kai 41. A 60 a ce ta yi ritaya. Riba nawa?

Ungozomar karkara:
Shekara 19 ke nan Malam Sani. Haihuwa nawa kake jin hannu ɗaya zai karɓa a shekara 19? Kuma ba gwamnati kaɗai ke ɗauka ba, akwai asibitoci masu zaman kansu, akwai ƙungiyoyi irin su MSF, ta likitocin agaji na ƙasa da ƙasa, da suka shigo Anka da Bukkuyum lokacin gubar dalma a 2010, suna kuma aiki a Shinkafi da Zurmi. Ba zan ce mata akwai kuɗi ba. Albashin bai kai wahalar ba, ƙafa na kumbura, baya na ciwo, wani ɗan uwan mara lafiya ya zage ki tas a kan abin da ba laifinki ba. Ranar da mace ta mutu a hannunki kuwa, tuwo ba ya wucewa. Amma a garinmu yanzu in mace ta fara zubar da jini bayan haihuwa ba a jiƙa mata rubutu a zauna jira, ƙofata ake bugawa.

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Na zauna da Baban Khalifa, na karanta masa maganar Baban Amira daga farko har ƙarshe, har zancen hanya da aikin dare. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce ya amince in gyara takarda bana, maganar shiga makaranta kuma sai sakamako ya fito mu sake zama. Ban so haka ba, amma na karɓa. Shi ya biya rabin kuɗin NECO, rabin na cire daga adashina.

Na je wurin Hajiya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai tambaye ni ƙanwar tawa ta samu wani cikin? Na ce tukuna. Ta ce Allah ya kawo mai albarka, ta juya zancen. Akwai ƙanwar babana da mijinta ya rasu, tana Kwatarkwashi, na yi mata waya, ta ce in bari a gama girbi za ta zo mu yi magana. Ummi kuma na gaya mata daga yau girkin dare ba nata ba ne. Tare muke buɗe littafin kemistiri bayan isha'i, ita ke koya min, amma mun maƙale a lissafin mol, ita ma ba ta gama gane shi ba. Ko akwai wanda ya san malamar da ke koyarwa a gida, kusa da Tudun Wada?

Ɗalibar jinya:
Anti ba sai kin biya kowa ba, ranar Asabar ba ni da aji. Zan zo bayan la'asar da tambayoyin shekarun baya na kemistiri da fiziks. Ki turo min kwatancen gidan ta akwatin sirri, ki kuma ce wa Ummi ta ajiye nata tambayoyin, duka zan duba.

Hajiya Sista:
In kin tashi zuwa ki biyo ta Samaru, ɗiyata. Ina da agogon ƙirji da ban ƙara sawa ba tun da na aje aiki, ki kai mata.